Ranar da Kwamfutata ta Fitar da Sunan Inna Sau Uku

Akwai wata rana da aka yi a bakin ruwan ƙauyenmu wadda ba na jin za ta fita daga kaina muddin ina numfashi. Shekaru sun ɗan ja, yanzu rubuta manhaja ce sana'ata, har ina koyar da masu farawa, amma duk sa'ad da na tuna ranar sai in ji dariya da kunya sun taso mini tare. A ranar ne na kusa zubar wa mahaifiyata mutuncin da ta yi shekaru tana ginawa, da layi ɗaya tak da na kwafo daga allo.

Lokacin na gama sakandare, ina zaman jiran gurbin karatu. Inna ta gaji da ganina ina zaune ina danne-dannen waya, sai ta tura ni Yelwa gidan gwaggona, ta ce in je in koyi wani abu ko da ɗinki ne. Ni kuwa da na isa sai na liƙe wa wata 'yar cibiyar koyon kwamfuta da ke saman wani shago kusa da kasuwa. Yayana ya ba ni tsohuwar laftof ɗinsa, wadda sai an jingina murfinta da wani abu take tsayawa. Mu goma sha biyu ne a ajin, ana koya mana yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni da wani harshe da ake kira Python. Ana karatu ana jin hayaniyar 'yan kabu-kabu da ƙamshin bandar kifi na shigowa ta taga.

Ni mutum ce mai taurin kai da son a ce ni na yi, tun ina ƙarama haka nake. Wata rana Malam ya ce mu jera sunayen 'yan ajin bisa tsarin haruffa. Na ɗaura ɗamara, na yi kwana huɗu ina fama, ina kwatanta wannan suna da wancan, ina musanya su ɗaya bayan ɗaya, har na cika layi kusan arba'in. Da abin ya yi aiki, kaina ya kumbura, na kira Malam da ƙarfi don kowa ya ji. Ya zo ya tsaya a bayana ya karanta tun daga sama har ƙasa, yana gyaɗa kai.

"Kin yi ƙoƙari ƙwarai," ya ce. "Amma dibi nan."

Ya miƙo hannu ya rubuta kalma guda, sorted, ya saka sunayen a gabanta, ya danna. Nan take sunayen suka jeru cif, daidai da nawa. Na kalli layukana arba'in, na kalli nashi guda ɗaya. Wallahi na ji haushi har sai da idona ya kawo ruwa.

"Malam, kana sane da wanga abu ka bar ni kwana huɗu ina wahala?"

"Awo, ina sane," ya ce yana dariya. "Da na nuna miki tun ranar farko, da ba ki san darajarshi ba."

Haushin bai kai minti biyar ba ya koma murna. Malam ya bayyana mana cewa harshen ya zo da kayan aikinsa a ciki, shiryayyu, waɗanda ake ce wa fankshin, kiran sunansu kawai za ka yi su yi maka aiki. Akwai len mai ƙirga yawan abubuwa, akwai sum mai tara lambobi, akwai ma wani help da ke yi maka bayanin kowane kayan aiki in ka tambaye shi, ko babu intanet. Wancan na ƙarshe ko kallonsa ban yi ba, don a ganina mai neman bayani shi ne wanda bai gane ba. Sauran kuwa na rungume su hannu biyu. Na koma gida na ƙirga tukwanen Gwaggo da len, na jera sunayen 'ya'yanta, na hana kowa sakat. Gwaggo ta ce tun da take ba ta taɓa ganin wanda ya yi murnar ƙirga tukwane irina ba.

Mako na gaba abin ya ƙara armashi, don a nan ne muka shiga modul. Malam ya ce modul tarin kayan aiki ne da wasu suka riga suka haɗa suka ajiye, kamar turmin maƙwabta, ba sai ka sassaƙa naka ba, aro za ka yi. Kalmar aron ita ce import. Ya rubuta layi uku a allo. Na farko ya ɗauko wani modul mai suna random, wanda aikinsa zaɓe ne na kan-mai-uwa-da-wabi. Na uku, shuffle, yana cakuɗa jerin sunaye. Na tsakiya kuwa an rubuta seed da lamba bakwai a gabansa. Muka kwafa, muka danna, sunayen 'yan ajin suka hargitse, na farko ya koma tsakiya, na ƙarshe ya dawo sama. Na yi ihu har sai da mai shagon ƙasa ya leƙo.

Malam ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana duba allon kowa. Na leƙa na ƙawata da ke gefe, na ga jerinta iri ɗaya ne da nawa, suna bayan suna. Mai hankali da ya tsaya ya tambayi kansa, ta yaya abin da aka cakuɗa zai fito iri ɗaya a kwamfuta goma sha biyu? Ni kuwa sai na ɗauka alama ce ta cewa na yi daidai. Na tuna Malam ya yi wata magana a kan layin tsakiyar, amma lokacin hankalina ya riga ya tafi, ina can ina cusa sunayen mutanen gidan Gwaggo don in ga wa zai fito farko.

To, bari in kai ku ƙauyenmu, can bakin tafkin Kainji ta ɓangaren Ngaski. Inna bandar kifi take yi, kuma ita ce shugabar ƙungiyar mata masu banda, su ashirin da biyu. Ba don ta fi kowa abin hannu aka zaɓe ta ba, sai don an san ba ta cin haƙƙin kowa. A shekarar ne wata ƙungiyar tallafi ta kawo musu sabon murhun banda na ƙarfe, mai rufi da jerin faranti a ciki. Ba ya cin itace da yawa, hayaƙi ba ya shiga ido, kifi kuma yana fitowa fes. Matsalar ita ce guda ɗaya ne, kowace mace za ta riƙe shi kwana biyu. Waɗanda suka samu a farko za su yi amfani da shi lokacin da tarwaɗa ke fitowa da yawa, na ƙarshe kuwa sai kamun ya ja baya layi zai zo kansu.

A da, in irin wannan rabo ya taso, Inna ce ke riƙe ƙwarya da tsinkaye a ciki, kowa ta zara. Amma a rabon da ya gabata ƙanwarta ce ta zari na farko, aka yi ta ƙananan maganganu cewa hannun mai riƙe ƙwarya ya san tsinkensa. Maganar ta ci mata rai matuƙa. Da na je gida hutun ƙarshen mako na tarar da ita ta yi tagumi, ta ce ta rasa yadda za ta yi wannan ƙuri'ar ba tare da an sake taɓa sunanta ba.

"Inna, wanga ai aikin minti guda na!" na ce, ina tsalle. "Kwamfuta za ta cakuɗa sunayen da kanta. Ba ta da ƙanwa, ba ta da ƙawa, ba ta san kowa ba."

Ta dube ni da kyau. "Kin tabbata, ɗiyata? Sunana na za ki ɗauka ki kai gaban mutane."

Na buga ƙirji na ce ta bar komai a hannuna. Ko sau ɗaya ban gwada danna abin sau biyu a jere ba, alhali da na yi haka, da tun a tsakar gida na ga matsalar.

Ranar ƙuri'a da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro kusa da inda ake ɗaure jirage. Mata suka cika wurin, har da masuntan da suka dawo daga ruwa suka tsaya daga nesa suna kallo. Na sha sabuwar atamfa, na ɗora laftof a kan turmin da aka kife, na jingina murfin da wata ƙwarya. Na shaida musu cewa kwamfuta ba ta da ƙanwa, ba ta san kowa ba, sannan kowace mace ta faɗi sunanta na rubuta. Na kira len ya ƙirga, ya ce ashirin da biyu, aka yi ta mamaki wai akwati ya iya ƙidaya. Ni dai ƙafata ba ta taɓa ƙasa don jin daɗi.

A cikin matan akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Kaka, mai bakin da ko mai gari yana shakkarsa. Ita ce ta tuna mana da al'adar ƙungiyar, cewa ba a tsayawa a kan ƙuri'ar farko. Ta farko gwaji ce, ta biyu shaida, ta uku ce ake ɗauka. Na ce ko sau ɗari ake so a shirye nake.

Na danna. Sunaye suka fito a hargitse, na karanta da ƙarfi. Na farko sunan Inna ne. Aka yi dariya, wata ta ce ai gwaji ne, sa'ar shugaba ta tafi a banza. Na sake dannawa ina murmushi. Sunan Inna ya sake fitowa a sama. Dariyar ta ragu. Na ci gaba da karantawa, sai na ji kunnena na gaya mini cewa wannan jerin na taɓa karanta shi, ta biyu ita ce ta biyun ɗazu, ta uku ma haka. Na daure na ce wa kaina sa'a ce kawai. Na yi bisimilla na danna na uku.

Sunan Inna. Da sauran duka a inda suke, ko ɗaya bai gusa ba.

Kaka ta gyara zama, ta nuna laftof da haɓa.

"Ashe akwatin ya san ɗiyar wa ke riƙe da shi," ta ce. "Mu da anka ce ba ya da ƙanwa, ashe yana da uwa."

Ba wanda ya yi dariya. Na juya na kalli Inna. Ba ta kalle ni ba, kuma wannan ya fi mini zafi a kan ta zage ni. Ta miƙe a hankali ta gyara mayafinta.

"Ku cire sunana daga jerin," ta ce. "Shugabancin ma ku ba wadda kunka yarda da ita. Allah shi na shaidata ban san komi ba, amma ba ni tsayawa ina rantsuwa gabanku sau biyu."

Na roƙe su da girman Allah su ba ni ɗan lokaci kaɗan kafin kowa ta tashi. Na zaro waya don in kira Malam, babu sabis ko ɗigo, kamar yadda aka saba a bakin ruwan. Na dawo na zuba wa layukan nan uku ido. Na farko na san aikinsa, na uku na san aikinsa. Na tsakiya kuwa, a karon farko tun da na kwafe shi, na tambayi kaina, wai shi wannan me yake yi a nan? Sai a lokacin na tuna da fankshin ɗin da na raina. Na rubuta help, na saka masa sunan layin, na danna.

Bayani ya fito da Turanci. Na karanta sau biyu kafin ya shiga kaina, kuma da ya shiga, sai na ji kamar an yaye mini wani abu daga ido. Ashe lambar nan ita ce ke gaya wa kwamfuta daga inda za ta fara cakuɗawa. In lambar ba ta canza ba, cakuɗar ma ba za ta canza ba ko da an danna sau dubu. Malam ya saka ta ne don dukanmu mu samu jeri ɗaya ya ji sauƙin duba aikinmu. Ban san lokacin da na daka tsalle na yi ihu ba.

"Na gano! Wallahi na gano! Ba laifin Inna na ba, laifina na!"

Na juya laftof ɗin na fuskantar da ita gare su, na ɗora yatsa a kan lamba bakwai, na yi musu bayani da Hausar da kowa zai gane. Kaka ta matso har tana kusan taɓa allon da hanci.

"Wa ya ba akwatin wagga lamba?"

"Malaminmu na ya rubuta a allo, ni kuma na kwafa."

"Malaminku ya san uwarki?"

"Bai taɓa ganinta ba."

"To don mi ya rubuta ta?"

Na sunkuyar da kai. "Ban tambaye shi ba, Kaka."

Faɗin wannan a gaban mata ashirin da biyu da masunta ya fi komai yi mini nauyi a ranar. Na ce to yanzu zan goge layin gaba ɗaya, kwamfuta ta nemo lambarta da kanta. Kaka ta ɗaga hannu ta dakatar da ni.

"A'a. Lambar da ba mu gani ba, ba mu yarda da ita. In dai lamba ta ke juya abin, mu za mu faɗe ta da bakinmu."

Na buɗe baki zan yi gardama, sai na tsaya. Tsohuwar da ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba ta kawo dabarar da ta fi tawa. In su suka ba da lambar, ba wanda zai ce na shirya, kuma duk mai shakka za a iya maimaita masa ƙuri'ar a gabansa ta fito yadda ta fito. Murna ta dawo mini sabuwa. Kaka ta ce in saka ɗari, na saka, jeri ya fito daban, wata matashiya ce a sama. Aka yi sowa. Wata ta ce in saka goma sha tara, jerin ya sake birkicewa. Kaka ta ce in mayar da ɗarin tata ta gani, na mayar, matashiyar nan ta dawo sama. Ta gyaɗa kai ta ce yanzu ta fara ganin kan abin.

Da aka zo ta ukun da za a ɗauka, sai na ce kowace mace ta faɗi lambar da ta ga dama, in tara su duka su zama lamba guda, don kowa ta sa hannu. Nan wurin ya kaure. Wata ta faɗi yawan 'ya'yanta, wata yawan awakinta, wata ta faɗi shekarunta aka yi mata ca wai ta rage goma. Inna da ke tsaye a gefe ta ƙi magana, sai da Kaka ta ce mata, "Ke ma faɗi taki, ba mu karɓi ajiye shugabancinki ba tukuna." Ta ce biyu, a hankali. Na kira sum ya tara su, na karanta jimillar da ƙarfi kowa ta ji, na saka ta a inda bakwai take. Na miƙa wa Kaka laftof na nuna mata maɓallin, ita ta danna da ɗan yatsanta.

Na fara karantawa daga sama. Ba Inna ba ce ta farko, ba ita ce ta biyar ba, ba ita ce ta goma ba. Ina sauka muryata na ƙara ƙarfi. Sunanta bai fito ba sai a ta ashirin da ɗaya. Ta ƙarshe kuwa, ta ashirin da biyu, Kaka ce da kanta.

Sai kawai na ji guɗa ta tashi a bayana. Na waiga, Inna ce, ta ɗaga hannu sama tana rangaɗa guɗa kamar an yi mata albishir da kujerar Makka, hawaye na bin kumatunta. Mata suka fashe da dariya, wasu suka kama tafi. Kaka ta riƙe baki tana kallon allon.

"Ni da hannuna na danna na jefa kaina ƙarshe," ta ce. "To na yarda, akwatin ba ya da uwa, kaka ma ba ya da ita. Zo ki zauna inda kinka tashi, shugaba."

Inna ta dawo ta zauna a tabarmarta. Har aka watse ana ta zolayar Kaka, ni kuma mata sai ja na suke wai in ƙirga musu wannan, in jera musu wancan.

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne nauyin wannan matsayi na ashirin da ɗaya. Kafin layi ya zo kan Inna an yi kwana arba'in, kamun tarwaɗa ya ja baya, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Duk lokacin yalwar a tsohon murhunta na laka ta yi shi, cikin hayaƙi, idanunta jajur kullum. Da na zo hutu na gan ta tana share ido da bakin zane, na ce mata ta yafe mini, da ban yi wauta ba wataƙila da ba haka ba. Ta ce in daina wannan magana, tun da take banda ba ta taɓa shan hayaƙi da kwanciyar rai irin na bana ba, don ba mai wucewa ya kalle ta da zargi.

Daga ranar na ɗauki darasin da nake fara koya wa ɗalibaina kafin komai. Kayan aikin da wasu suka haɗa ni'ima ne, a ɗauka a yi amfani da su da murna, ba sai kowa ya yi kwana huɗu yana wahala ba. Amma kada ka taɓa kai layin da ba ka san aikinsa ba gaban mutane. Ka tambayi malami, ka tambayi kwamfutar kanta, ka gwada sau biyu sau uku. Kunyar tambaya ta minti ɗaya ce, ni kuwa da na guje mata, mahaifiyata ce ta miƙe a gaban mutane za ta ajiye sunanta saboda ni.